Tumbin da ake mana barka da shi

Jiya a wajen ɗaurin aure a Unguwar Rogo nan Jos wani abokina da muka jima ba mu haɗu ba ya dafa cikina yana dariya, wai "Alhaji an samu duniya, Allah Ya ƙara buɗi." Na taya shi dariyar, amma wallahi har na dawo gida maganar tana cina, don tumbin nan da yake min barka da shi, shi ne likita ya ce in rage bayan ya auna jinina ya ga ya hau.

Mu dai haka muka taso. In ka rame sai a ce ko madam ba ta girki ne, amarya ta yi wata 3 ba ta ciko ba sai dangi su fara ƙus-ƙus. Shi ya sa 'yan mata suke shan sha-ka-fashe, ƙwayoyi irin su dexamethasone da ake saya a kemis ba takardar likita, fuska ta kumbura a ce ta yi kyau, alhali maganin nan yana tada suga yana tada jini in aka daɗe ana sha.

Kawuna ne ya buɗe min ido. Shagon atamfa gare shi a kasuwar Terminus, daga safe har magariba yana kan benci, shayi da madara da suga ya sha, da rana shinkafa da lemo mai sanyi, in baƙo ya zo a ƙara wani lemon. Kwalbar Coke ɗaya ta 50cl fa tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi 13, wa zai zuba wannan a kofi da hannunsa? Da ciwon suga ya kama shi aka ce ai sai a hankali, ashe kuɗi ne za su dinga fita duk wata ba ranar gamawa, maganin suga daban, na hawan jini daban, tsinken gwaji, daga baya allurar insulin wadda sai an ajiye a firij, ga halin da wuta take ciki. Ɗan ciwo a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, ya kwanta asibiti, shago a rufe, ƙarshe filinsa na Rikkos aka sayar. Kuma a ƙasar nan sama da naira 70 cikin kowace 100 da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane take fita, mu 'yan kasuwa wa ya san wata inshora.

Ba mu kaɗai ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima. Gwamnati ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemo a dokar kuɗi ta 2021, wato naira 5 kenan a kwalba, don Allah wa zai bar lemo saboda naira 5?

Abin da ya fi ba ni haushi a Jos muke. Je ka Farin Gada ka ga kabeji da karas da koren wake ana lodawa a mota zuwa kudu, ga acca a gefenmu, amma gwate ya zama abincin da ake jin kunyar ba baƙo, sai indomi da ƙwai ƙarfe 11 na dare. Garin da ba zafin rana irin na Sakkwato, amma daga Masallacin Juma'a zuwa Terminus sai mun hau keke napep.

Kar wani ya ɗauka ba'a nake wa masu jiki, wasu gado ne, wasu haihuwa, wasu magani ne ya jawo, kuma gorin da ake musu bai taɓa rage wa kowa kilo ɗaya ba. Da barkar da muke yi nake faɗa.

Likitan ya ce kewayen ƙugu kar ya kai rabin tsayin mutum. Na sa telana ya auna ni, tsayi santimita 170, ƙugu 98, yana ta dariya wai yadi 5 ya kusa daina isata. Gobe bayan asuba da ƙafa zan tafi shago, wanda yake hanyar Bauchi Road ya jira ni.