Gishirin ne ko tudun?

Wani rahoton bincike ya ce jikin mutanen Tibet, yanki mai tsaunuka a ƙasar Sin, ba ya jure gishiri, shi ya sa hawan jini ya yi musu yawa. Na yarda, amma an bar rabin zancen. Shayinsu ma da gishiri da man shanu ake kaɗa shi, makiyayi ya yi ta kurɓa tun safe har dare saboda sanyi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada gishirin da mutum ke ci ya kai giram 5 a rana. Wani malami ya ce hawan jinin nasu gado ne kawai, to ya duba wannan. Sannan Lasa, babban birnin Tibet, na kan tudu da ya haura mita 3,600, inda ƙarancin iskar shaƙa kaɗai kan ɗaga jini. To ta yaya masu binciken suka raba laifin gishiri da na tudun?