Zumar da Ke Kan Harshe

Ya ku 'yan'uwana matasa, na lura cewa idan aka ambaci Kautilya, masanin mulkin nan na tsohuwar Indiya da ake kuma kira Canakya, abin da ya fi burge yawancinmu shi ne makircinsa: baza 'yan leƙen asiri cikin gari da raba kan abokan gaba. Gaskiya ne, duk wannan yana cikin Arthashastra, littafin da ake danganta masa, wanda aka gano kwafinsa na rubutun hannu a birnin Maisor na kudancin Indiya a 1905. Amma wanda ya tsaya a nan ya kwashi ƙaiƙayi ya bar tsaba.

Wannan mutum, da aka ce shi ne mashawarcin Candragupta Maurya, wanda ya kafa daularsa a birnin Pataliputra na arewacin Indiya wajen shekara ta 321 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bai fara da yaƙi ba. Tun a farkon littafin ya ce dole sarki ya ci ƙarfin maƙiya shida da ke cikin ransa, wato sha'awa da fushi da kwaɗayi da girman kai da alfahari da ɗokin murna. Ku da kuke ɗokin kujera, wanne daga cikinsu kuka taɓa kayarwa?

Inda ya fi ratsa ni shi ne maganarsa kan ma'aikatan baitulmali, domin ya lissafa hanyoyi 40 da suke bi su ci dukiyar hukuma. Ya ce kamar yadda ba ya yiwuwa a ɗiga wa mutum zuma a harshe ya ƙi ɗanɗanawa, haka ma'aikaci yake da kuɗin da ke hannunsa, kuma kamar yadda ba a gane lokacin da kifi ke shan ruwa, haka ba a gane lokacin da ma'aikaci yake cin kuɗin. Wataƙila ya tsananta zato, domin masu amana ba su ƙare ba, amma kada ɗayanku ya rantse da kansa tun bai riƙe makullin taska ba. Idan aka ba ku amana, ku da kanku ku nemi a binciki lissafinku, kada ku ɗauki mai bincike a matsayin maƙiyi. Kautilya bai dogara da rantsuwar kowa ba: ya ce a riƙa sauya wa ma'aikata wurin aiki, a ƙwace abin da suka ci, wanda kuma ya tona asirin sata aka tabbatar, a ba shi kashi ɗaya cikin shida na kuɗin.