Tulun da ba a zuba masa ruwa

Abin nan yana damuna, duk sanda aka nuna hoton tulu ko tukunyar fure a gidan baje kolin fasaha sai ka ji ana cewa wai meye amfaninsa tunda ba a zuba ruwa ba a sa fure, bakin ma ya yi tsuku da yawa. Gaskiya na fahimci masu faɗin haka, don tun asali don amfani ake gina tukunya.

Amma masu aikin yumɓu na wannan zamanin da yawansu ba ma'ajiyar ruwa suke ginawa ba, siffar ce suke so, yadda mai sassaƙa yake son siffa a jikin dutse. Tulu yana da baki da wuya da kafaɗa da ciki, kusan kamar mutum, shi ya sa yake ɗaukar magana.

Ku duba aikin Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya a 1950 da ke zaune a Ingila. Da hannu take ginawa, tana murɗa yumɓu kamar igiya tana ɗorawa, sannan ta yi ta gogewa har ya yi sheƙi ba tare da ta shafa ruwan gilashi ba, in ta sake gasawa cikin hayaƙi inda iska ta yi ƙaranci sai jan ya koma baƙi. Wuyan wani tulun nata ya karkata kamar macen da ta waiwayo, in ka cusa fure a ciki ka rufe abin da ta yi makonni tana nema.

Grayson Perry ma, wani mai fasaha ɗan Ingila, da tukwane ya ci kyautar Turner, babbar kyautar fasaha ta Birtaniya, a 2003.