Hular da ta koma faifai

Gara in faɗa da bakina kafin Anti ta riga ni, don ita ba ta ba da labari sai ta zuba masa gishiri.

Kun dai san tun bayan babbar sallah na shiga ajin saƙa na ranar Asabar a cibiyar matan nan ta unguwarmu. Ni da shekara 43, ga tabarau a hanci, ina zaune cikin sa'o'in 'yata. Na je kasuwar Sabon Gari na sayo kwarashi da ulu ƙulli 3, saboda matar Auta ta kusa sauka, kuma haihuwar za ta faɗo cikin hunturu. Na cika baki a gaban kowa cewa hular jariri da safa kada wanda ya saya.

Malama ta yi bayani dalla-dalla. Daga tsakiyar kai ake fara hula, ana zagayawa ana ƙari har faɗin ya kai na kan yaro, sai a daina ƙarin, gefe ya sauko da kansa. To wannan "a daina" ɗin ne bai shiga kunnena ba, kuma alhakin yana wuyan Maman Biyu. Matar nan ba koyo ke kawo ta ba, ta iya saƙa tun ina goye. Gyaɗa take zuwa da ita da labarin kishiyarta. Ranar ma kujerata ta zauna, wadda ke kusa da fanka, ta bar ni a bakin ƙofa, sannan ta juyo tana ba ni labarin yadda aka raba naman layya a gidansu, wa aka ba cinya, wa aka bari da haƙarƙari. Har yau kuma ba ta dawo min da almakashina ba.

Na koma gida na yi ta ƙari. Dare uku, ba wuta, da fitilar waya a baki. Abu ya yi ta faɗi yana baje, bakinsa har da lanƙwasa. Na ce in an ɗora a kai zai zauna.

Ranar suna ɗaki ya cika maƙil, Gwaggo ce ke buɗe kayan barka. Ta zaro nawa daga leda. Ta juya shi. Ta kifa shi. Ta ɗaga shi saitin taga, ta leƙa ta tsakiya kamar mai duba ƙwai.

"Wannan kuma na wace ƙwaryar ce?"

Na ce, "Gwaggo, hula ce."

"Ta wa?"

"Ta jaririn."

Ɗaki ya yi tsit, har ƙarar cokali a tsakar gida ana ji. Gwaggo ba ta yi dariya ba, wannan ne ma ya fi ƙona min rai. Ta ce a miƙo mata yaron, ta yi bisimilla ta ɗora masa. Hula ta rufe fuska, ta rufe wuya, ta sauko har ƙirji. Yaro ya tsala ihu. Ta cire a hankali, ta waiga, ta hango kwanon kunun kanwar mai jego a buɗe, ta kifa a kai. Wallahi kamar an auna, cif.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Da ma ƙudaje sun ishe mu."

Wata ta rangaɗa guɗa. Mai jego ta cusa fuska cikin filo, kafaɗunta na rawa. Anti kuwa daga can ƙurya ta ɗaga murya wai a saƙa mata biyu, ɗaya na kwanon tuwo, ɗaya na miya, za ta biya.

Safar ma ƙafa ɗaya na gama, tana cikin jaka, ban fito da ita ba. Asabar ɗin da ta wuce ban je aji ba, na ce mura nake yi. An ce Maman Biyu ta tambaye ni, wai in akwai sauran ulu in aiko mata.