Ina malamin jami'a zai ajiye shafin kwas ɗinsa?

Jiya bayan la'asar muna zaune a rumfar wani mai shayi a Samaru, sai wani ƙaramin abokin aikina ya ce, "Malam, ina so in buɗe wa 'yan ajina shafin intanet, wane kamfani zan biya?" Na ce masa, "Dokta, riƙe kuɗinka tukuna, bari ka ji yadda nawa ya mutu."

A 2020, da korona ta rufe makarantu, na gina shafi da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, na kama masa haya a sabar wani kamfani na Amurka, wato kwamfutar da ke ajiye shafi don mutane su iya buɗe shi. Kuɗin dala kaɗan ne a wata, ban ko ji shi ba. Na zuba handawut, tsofaffin tambayoyin jarrabawa, har da sautin lakca. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya zo ya wuce, shafin na nan yara na karatu. Sai aka saki naira a watan Yunin 2023. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Katin bankina ya ƙi biya, saƙonnin gargaɗi suka taru a imel ɗin da ba na dubawa. Ana saura mako ɗaya jarrabawa wakilin aji ya kira ni: "Ranka ya daɗe, shafin ya ƙi buɗewa." Aikin shekara uku ya tafi, kuma laifina ne, don ban ajiye kwafi ko ɗaya ba.

Tun daga nan na daina yarda a ɗora kwas a kan aljihun malami. Kwas ya fi malami daɗewa. Mutum zai tafi hutun bincike, zai yi ritaya, zai koma wata jami'a, amma 'yan aji biyu na baɗi suna nan tafe.

Kuskuren da muke yi shi ne haɗa abu biyu a tukunya ɗaya. Akwai kayan da kowa zai iya gani: tsarin kwas, jadawali, handawut, jerin littattafai. Akwai kuma na sirri: maki, lambar ɗalibi, aikin gida da aka miƙa. Na farkon ba ya buƙatar sabar mai tsada ko kaɗan. GitHub Pages, masaukin shafuka na dandalin GitHub, na ɗaukar irin wannan shafin kyauta, har girman gigabait ɗaya, kuma tunda rubutu ne zalla ba rumbun bayanai a bayansa, da wuya ɓarayin intanet su sami abin fasawa, babu manhajar da za ka riƙa sabuntawa kowane wata. Abin da ya fi burge ni shi ne nauyinsa. Yarinyar da ke Tudun Wada ko Kwarbai da datar ɗari biyu a ƙaramar waya za ta buɗe shi nan take. Mu malamai muna gwada shafi a kwamfutar ofis mu ce ya yi kyau, mun manta ɗalibi a waya yake karatu, wani lokacin ma cajinsa saura kashi goma. Gaskiya akwai ɗan koyo a farko, kuma gidan na Microsoft ne tun 2018, zanen aro ne. Amma fayilolin suna kwamfutarka. Ranar da suka canza doka, ka kwashe kayanka ka kai wani wuri da yamma ɗaya.

Google Classroom kuwa ba laifi, yana da sauƙi, yara sun saba da shi. Sai dai in da imel ɗinka na kanka ka buɗe ajin, to ajin naka ne, sashe ba shi da iko da shi, kuma gigabait 15 na kyauta ba ya jure bidiyon lakca. WhatsApp ba zan ma sa shi a lissafi ba. Handawut ɗin mako na uku yana nutsewa ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da tallar atamfa.

Maki da aikin ɗalibai su ne nake ganin dole su zauna a hannun makaranta, a kan Moodle, manhajar gudanar da kwasa-kwasai ta intanet, ko makamancinsa. Moodle kyauta ne tun fitowarsa a 2002, amma kyautar ta tsaya a manhaja. Yana son sabar da ba ta mutuwa, da ma'aikacin da zai kula da ita, da wuta dare da rana. Wanda ya ga yadda kuɗin wutar Band A, rukunin da aka fi ba wuta, ya koma naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 ya san ajiye sabar a cikin harabar makaranta ba wasa ba ne. Duk da haka nauyin hukuma ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanmu, kuma malamin da ya manna sakamako da sunaye a buɗaɗɗen shafi yana jawo wa kansa magana.

Wanda ya nace sai WordPress, ya nemi kamfanin gida mai karɓar naira, sashe ya biya na shekara, a sa imel ɗin sashe, kalmar sirri kuma mutum biyu su san ta. Sannan ya taka zuwa ofishin ICT ya roƙi ƙaramin adireshi a ƙarƙashin sunan makarantar mai ƙarewa da edu.ng. Ba ya cin ko sisi, kuma ko an sauya masauki sau goma adireshin da ɗalibai suka haddace ba zai canza ba.

Dokta ya shanye shayinsa ya ce zai gwada GitHub ɗin, da sharaɗin in zauna da shi ranar Asabar. Na ce to, amma ya zo da filashi, kwafin farko a ciki za mu fara ajiyewa.