Jirgi na wucewa, tasha a garƙame

Wallahi tura ta kai bango. Kullum jirgin ƙasa sai ya keto ta gefen gari, ya busa, ya girgiza mana gidaje, ya wuce abinsa. Tasha kuwa ga ta nan an maka mata kwaɗo, ciyawa ta cinye inda ake jira, ɗakin sayar da tikiti ya zama gidan jemage. Mu masu fita aiki sai mun yi sammako tun da duhu mun bi layin mota, a cusa mu kamar buhuna, mu isa a makare kuma a jigace. Mai mara lafiya kuma, Allah kaɗai ya san halin da yake ciki a hanyar asibiti.

In ka tambayi masu riƙe da harkar, amsarsu ɗaya ce: wai babu fasinja, tashar ba ta riba. To wa ya kori fasinjan? Ku kuka soke jirgin safe, kuka bar na tsakar rana wanda ba ya amfanar ma'aikaci ko ɗalibi, sannan kuka zo kuka ƙirga kawuna kuka ce ba kowa. An doke mu an hana mu kuka ke nan.

Wannan lissafin ma tsoho ne, kuma an ga ƙarshensa. A Birtaniya, rahoton da Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa na lokacin, ya fitar a 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,000 da sunan rage asara. Layin da ya ratsa yankin Borders na Scotland aka rufe shi a 1969, garuruwa irin su Galashiels suka shekara 46 ba jirgi. Da aka sake buɗe wani sashensa a Satumban 2015, daga Edinburgh zuwa Tweedbank, tafiye-tafiyen shekarar farko kaɗai sun haura miliyan 1. Ina mutanen nan suke a lokacin da ake cewa babu su? Suna nan, an dai rufe musu ƙofa ne.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ana auna tasha da kuɗin tikiti kawai, alhali rabin amfaninta a wajen shinge yake. Jirgi ya tsaya, mai dako ya samu, direban tasi ya samu, mai masauki ya samu. Manomi ya loda amfaninsa ba tare da ɗan tsakiya ya murɗe shi ba. Yarinya ta yi karatu a birni ta dawo ta kwana gaban iyayenta. Saurayin da ya samu aiki nesa ba dole ne ya tattara ya ƙaura ba, albashinsa a gida zai kashe shi. Kafanchan ai mahaɗar layin dogo ce ta mai da ita babban gari. Abin da ya gina gari, in aka ɗauke shi, me ake tsammani?

Ba mu nemi katafaren gini mai na'urar sanyaya ɗaki ba. Layin yana nan, jirgin ma yana bi. A share ciyawar, a gyara rufi, a sa fitila da ma'aikaci ɗaya, jirgin safe da na yamma su riƙa tsayawa minti 2. An sha zuwa da ma'auni da kyamara ana ɗaukar hoto, an tafi. Wannan karon ku zo da mabuɗi.