Karen gidan ajiyar dabbobi ba ya zuwa a wanke tas

Marubucin wani labari da na karanta ya ce ɗauko kare ko mage daga gidajen ajiyar dabbobin da aka yasar a Ingila ya fi saye arha da sauƙi, arha kam na yarda amma sauƙin nan da sauran magana. Gidaje irin Battersea, wanda aka kafa a Landan a 1860, sai sun yi wa dabba allurar rigakafi, sun yi mata dandaƙa, sun sa mata ɗan na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin su ba ka, sa na'urar nan dama doka ce ga karnuka a Ingila tun 2016, kuɗin da za ka biya bai kai na likitan dabbobi ba in kai za ka yi da kanka. Abin da mai labarin bai faɗa ba shi ne da yawa daga cikin dabbobin nan sun sha wuya a hannun masu su na farko, wani da ya ji ƙarar ƙofa sai rawar jiki, wani ba ya iya zama shi kaɗai sai haushi da yaga kujeru, wannan sai an yi watanni ana lallashi. Kai kuma ɗan'uwa da ka yi tsokaci kan labarin wai yi wa karnuka allura ɓarnar kuɗi ce, haba, ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 duk shekara a duniya, galibi a Afirka da Asiya, yara ne da yawa. Karnukan da ke yawo a unguwanninmu wa ke musu allura?